Maganar kamfai, ga 'yan uwana mata da ke karatu a Kudu

Wannan rubutun na mata ne, musamman ƙannenmu da suka samu gurbin karatu a Kudu bana. Maza, in kun tsaya karantawa to ku karanta da mutunci, kuna da ƙanne kuma za ku ajiye iyali.

Duk 'yar Arewa da za ta taho nan ana yi mata faɗa a kan salla, a kan ƙawaye, a kan samari. A haɗo mata kuka da daddawa da yaji da man shanu. Amma ban taɓa jin wadda aka zaunar aka ce mata kamfan da ta cika jaka da su na iskar Kano ne, ba na Fatakwal ba. Shekarata ta biyu ke nan ina mastas a nan, fannin ƙananan halittu nake, ba likita ba ce ni. Sai dai na ga ƙanne da yawa suna fama da ƙaiƙayin gaba a zangonsu na farko, suna ɓoyewa, kuɗin abincinsu yana ƙarewa a kemis.

A gida ki wanke kamfai bayan azahar ki rataye a bayan ƙofar banɗaki, kafin la'asar ya bushe ƙarau. Nan kuwa ruwan da ake yi a shekara ya haura milimita 2,000, na Kano bai cika kai 1,000 ba, kuma damina tana cin mafi yawan watannin shekara. Ko ranar da ba a yi ruwa ba iskar a jiƙe take. Takalmin da kika ajiye ƙarƙashin gado ma fumfuna yake yi, balle ƙyallen da aka ɓoye a lungu. Ki ƙara da irin shigarmu: kamfai, tayis, anda siket, zani ko abaya, sannan hijabi har ƙasa, a haka za ki zauna awa uku a kujerar roba ana lakca. Ga tsarki da ruwa da muke yi sau da yawa a yini. Tsafta ce babba wannan, amma da yawanmu muna mayar da kamfai ba mu tsane jiki ba. Ɗan ƙaramin tawul na musamman ko tishu a jaka ya wadatar.

Abin da ya sa danshin yake da illa shi ne, gaban mace yana da nasa masu gadin, wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ake kira Lactobacillus. Su ke sa wurin ya zauna da ɗan tsami, ma'aunin pH tsakanin 3.8 da 4.5, kuma tsamin ne ke hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Akwai kuma wani nau'in yis, Candida, da ke zaune a jikin mata da yawa lafiya lau ba ya damun kowa. Zafi da laima ne abin son sa. In ya samu dama ya yi yawa, sai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmon da ya tsinke. Kusan mata uku cikin huɗu sai sun gamu da shi ko sau ɗaya a rayuwa, har da waɗanda ba su taɓa sanin namiji ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

To wane kamfai za a saya? Na auduga. Waɗannan masu santsi da sheƙi da leshi, irin na lefe, yawancinsu nailan ne ko foliyesta, suna kulle gumi a jikin fata. Ki duba ɗan ƙyallen da ke jikin ƙugun, in an rubuta auduga kashi 95 da roba kashi 5, ya yi. Sai dai rubutun kayan kasuwa ba kullum yake faɗin gaskiya ba, don haka ki juya cikinsa ki taɓa tsakiyar, wurin da ke haɗuwa da jiki. In akwai shafin auduga mai taushi a nan, da sauƙi. Kina son tabbatarwa, ki zare zare ɗaya ki kusanta shi da ashana: auduga tana cinyewa ta bar toka da warin ƙonanniyar takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Sannan girman. Wallahi mata da yawa suna sayen wanda ya yi musu kaɗan don kunyar ce wa mai shago a ba su babba, alhali duk kamfan da ya bar miki shaida a cinya da ƙugu ya matse ki. A kasuwar Mile One ko ta Oil Mill ranar Laraba za ki samu na auduga sababbi a ƙulle cikin leda. Gwanjo kam, duk da nan ne gidansa, tunda sunan okrika ma daga wani gari na jihar Ribas ya samo asali, ki sayi jaka da rigar sanyi, amma kamfai a bar shi. A ganina gara ki mallaki goma marasa ado da ki mallaki huɗu masu tsada, saboda a damina rabinsu kullum suna kan igiya. Da dare kuma zani kawai ya isa, yadda iyayenmu suke kwana.

Inda matsalar ta fi tsanani ita ce shanya, kuma a nan kunya ce ke cutar da mu. 'Yan ɗakinmu 'yan Kudu za su jera nasu a igiya a tsakar rana ko a jikinsu. Mu kuwa sai a cusa a ƙarƙashin tawul, ko a rataye a ƙarfen gado a lulluɓe da hijabi, washegari a saka shi da sauran danshi don an makara. Na fahimci kunyar, da ita aka raine mu, ni ma ba zan shanya nawa a inda maza ke wucewa ba. Amma hostal ɗin mata ne fa. Rana da iska su ne maganin, in kuma dole sai an rufe, a yafa mayafi marar nauyi wanda iska ke ratsawa. Ranar da aka kawo wuta a goge su da dutsen guga, musamman tsakiyar. Gugar tana da wani amfanin ma: akwai ƙudan tumbu da ke yin ƙwai a jikin kaya masu danshi, tsutsar ta shiga fata ta zama kamar maruru, zafin guga yana kashe ƙwan. Kada a shanya a kan ciyawa.

Wanki kuma sabulu marar ƙamshi da ɗauraya sosai. Jiƙa kamfai a Hypo ko Dettol yana iya jawo ƙonewar fata. In kika ga tsakiyar baƙin kamfanki ya koɗe, ba ciwo ba ne, tsamin nan ne da na faɗa, alamar masu gadi suna bakin aiki. Haka nan cusa miski ko wanke ciki da ruwan bagaruwa da kanumfari, korar masu gadin yake yi. Waje ake wankewa, da ruwa.

Na ce zan dawo kan maganar budurwa. Abin da ke hana yaranmu zuwa asibiti shi ne tsoron a ce ina ta samo shi, sai a laƙaba wa banɗakin hostal, a tafi kemis a haɗo maganin kashe ƙwayoyin cuta kala uku. Irin waɗannan magungunan suna kashe Lactobacillus ɗin ma, yis ya samu fili, bayan sati biyu abin ya dawo ya fi na da. Kuma ba duk ƙaiƙayi ne iri ɗaya ba. Ruwa mai tsinkewa da ƙarni kamar na kifi wata matsalar ce daban, maganinta daban. Canja kamfai yana rage damar dawowar ciwo, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kama. In akwai wari, ko ruwan ya koma kore ko ruwan ɗorawa, ko ciwon mara, ko zafin fitsari, ko abin yana ta dawowa, a je a yi gwaji. Kina da damar neman ma'aikaciya mace, kuma ki faɗa mata tun farko cewa ba ki da aure don ta san yadda za ta ɗauki samfurin.

Wadda take nan Fatakwal kuma take jin nauyin zuwa ita kaɗai, ta yi min magana ta akwatin saƙo. Talata da Alhamis ba na shiga lab sai bayan azahar, zan raka ta.