Daga fagen ƙauye zuwa Takobi

Matafiyin da ya bi hanyar Tasawa zuwa Mayahi bayan kaka, sa'ad da gero ya shiga rumbu, zai ji ganga tun bai hangi gari ba. A nan kokowa take da saiwa: fage na rairayi, makaɗa na zuba kirari, samari ɗaure da layu, kowa na kare sunan garinsu.

Gasar ƙasa ta soma a Tawa cikin shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché. Yakuba Ango Kantu na Maradi shi ya ɗauki Takobi na farko, kuma da sunansa ake kiran babban fagen kokowar Maradi. Jahohi 8 kowace tana aika ƴan kokowa 10, waɗanda ake tacewa tun daga irin waɗannan ƙauyuka.

To amma da an gama girbi, samari sai cin rani, wasu Nijeriya, wasu Libiya. In fagen ƙauye ya mutu, wa zai sake kawo ma Maradi Takobi? Ƴan kasuwa da ma'aikata, ladan makaɗi da goron gwani ba su fi ƙarfinku ba.