Yadda .NET Framework 3.5 ta kusa cinye min furojet

1/ Jama'a, bari in ba ku labarin kwana ukun da na yi ina kokawa da laftof ɗina. Duk wanda kwamfutarsa ta taɓa nuna masa 0x800F081F ya matso kusa, wataƙila in rage masa asarar data 🧵

2/ Ranar Litinin Malamin da ke duba furojet ɗina ya ce babi na huɗu ya iske shi a tebur ranar Juma'a, in ba haka ba ba zai sa min hannu in shiga rukunin farko na masu kare aiki ba. Lissafin babin kuma da wata tsohuwar manhaja ake yi, wadda sashenmu ke amfani da ita tun kafin mu shigo. Na ɗora ta, na danna, sai Windows ta ce sai an kawo .NET Framework 3.5.

3/ Ga wanda bai sani ba, .NET Framework kamar harsashin gini ce da Microsoft ta yi, manhajoji da yawa a kanta suke tsayawa. Windows 10 ɗina tana da 4.8, sai na ce to ai babba ya haɗiye ƙarami. Ashe ba haka abin yake ba. 3.5 ta fito ne a 2007, tana ɗauke da 2.0 da 3.0 a cikinta, kuma injin da ke tuƙa ta daban yake da na dangin 4. Zaman maƙwabta suke yi, kowa da ƙofarsa.

4/ Na danna a sauke. Batirin laftof ɗin ya mutu tun ina aji biyu, in ka zare caja ko minti ɗaya ba ta kaiwa. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Ɗif. Kar wanda ya yi min faɗa, na san laifina ne, kuɗin batir sau biyu ina tarawa ina cinyewa.

5/ Da wuta ta dawo na sake gwadawa. 0x800F081F. Na kashe na kunna, haka. Na shiga Windows Features na sa alama a akwatin da hannuna, haka dai. Ma'anar lambar ita ce Windows ta nemi fayilolin da za ta yi aikin da su ba ta same su ba.

6/ Kuskure na farko: na je na sauke dotnetfx35.exe, cikakken kunshin nan mai sama da 200MB. Data ta tafi, na buɗe shi, sai ga tagar nan dai ta ɗazu ta sake fitowa, da lambar nan dai. A Windows 10, 3.5 wani sashe ne na jikin Windows, ba a ɗora ta da wancan tsohon fayil ɗin. Don Allah kar ku sauke shi.

7/ Na gwada .NET Framework Repair Tool ma. Ta sake wa Windows Installer rajista, ta kashe ta kunna, ta ce in gwada. Ba abin da ya canza. Ba wai ba ta da amfani ba ne, ciwon nawa ne ba nata ba.

8/ Talata da yamma na kai ta wajen wani mai gyara a bakin makaranta. Ko kunnawa bai yi ba ya ce, "Ɗalibi, wannan sai fomatin, kawo dubu biyar." Na ce, "Oga, fayilolina fa? Da manhajojin da ke ciki?" Ya ce in nemo inda za a juye. Ni kuwa filashi ɗaya gare ni, 8GB. Kuma akwai manhajar da ni kaina ban san inda zan sake samo ta ba. Na naɗe cajata na ce zan dawo.

9/ Abin da ke ba ni haushi ke nan, wallahi. Ciwon kai fomatin, ciwon ciki fomatin. Ko da yake shi ma ba zai zauna awa uku a kan kwamfuta ɗaya ba alhali layi na jiransa.

10/ Da daddare na zauna karatu. Na buɗe Command Prompt ta hanyar Run as administrator, na rubuta:

sfc /scannow

Ta gama ta ce ta ga fayilolin da suka lalace, amma wasu sun fi ƙarfinta. Gabana ya faɗi.

11/ Nan ne na fahimci abin da ya kamata in fahimta tun Litinin. Windows tana da rumbu a C:\Windows\WinSxS inda take ajiye kayan gyaranta. In wani fayil ya lalace, daga rumbun sfc ke ɗebo mai kyau ta musanya. To in rumbun ne da kansa ya taɓu, kamar yadda nake zargin ɗauke wutar nan ya yi min, me za ta ɗebo? Sai an fara gyara rumbun:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Wannan tana janyo lafiyayyun fayiloli ta Windows Update, don haka tana cin data.

12/ Na sayi datar dare, na koma ajin karatu inda ake kunna janareta. Ta hau, ta hau, ta zo 62.3% ta ƙame. Minti ashirin ba motsi. Abokin ɗakina yana ta cewa, "Kai mutumina, ta maƙale, kashe ka sake." Hannuna har ya kai kan madanni. Allah Ya taimake ni na bincika a waya, na ga mutane da yawa a nan take tsaya musu. Kar ku taɓa ta. Can wajen ƙarfe uku ta ƙarasa. Na sake sfc, wannan karon ta gyara komai.

13/ Amma data ta ƙare ƙaf, kuma har yanzu ba 3.5. Sai hanyar da ba ta buƙatar intanet: a cikin ISO na Windows akwai jakar sources\sxs, a nan kunshin 3.5 yake. Na ari ISO wajen abokin ɗakin nawa, na danna sau biyu ya buɗe kamar faifai a E:, na rubuta:

DISM /Online /Enable-Feature /FeatureName:NetFx3 /All /LimitAccess /Source:E:\sources\sxs

/LimitAccess na hana ta neman Windows Update, /Source na nuna mata inda kayan suke. Ku duba harafin naku, ba lallai ya zama E ba.

14/ 0x800F081F. Kuma dai. Na kifa kai a tebur. Laraba ce fa, ko layi ɗaya ban rubuta ba.

15/ Wata 'yar ajinmu ce ta ga yanayina bayan lacca ta tambaya. Na zayyana mata. Ta ce, "Malam, ka duba winver kuwa?" Ban duba ba. Na rubuta winver: tawa 22H2 ce. ISO ɗin da na ara kuwa 1809 ne, na 2018. Kunshin dole ya dace da zubin Windows ɗin da ke kan na'urarka, in ba haka ba ta ƙi shi, kuma lambar da za ta nuna maka ita ce dai waccan, ba za ta ce maka ga dalili ba.

16/ Tana da 22H2 a kwamfutarta. Ba ma sai an kwafo ISO ɗin gaba ɗaya ba, jakar sxs kaɗai muka juye a filashina, ƙarama ce. Na gyara /Source ya nuna filashin, na danna Enter, ina riƙe da kan caja da ɗaya hannun kamar wani zai fizge. 100%. Na kashe na kunna, manhajar ta buɗe kamar ba ita ba.

17/ Daren Laraba da na Alhamis ban san me ake kira barci ba. Juma'a kafin masallaci na ajiye babin a teburin Malam. Ya dawo min da shi Litinin da jan biro a kusan kowane shafi, amma ya sa hannu.

18/ Jakar sxs ɗin tana nan a filashina. 'Yan sashenmu masu 22H2, a same ni bayan la'asar. A duba winver kafin a zo, kuma a zo da caja.