Shari'ar Akori-kura

Ni mutumin Tofa ne, aikina kuwa malanta a ofis, har tsofaffi su kan kira ni Malamin En'e, ko da ya ke En'e ɗin ta daɗe da kauwa. Sana'ar alƙalami ta koya mini cewa ba a rufe takarda sai an ji ta bakin kowa. Amma ran da abin ya zo gidana sai na manta, har sai da wani tsohon bakanike ya tuna mini.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana mota akori-kura, Peugeot 404. Irin motocin nan sun cika ƙasar nan bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975. Ɗan wana, maraya da ya tashi a hannuna, shi ke tuƙa ta. Da damina ta faɗi cikin 2022 muka ajiye ta bayan gida, kowa ya nufi gona.

Da kaka ta yi, muka tara buhunan gero za mu kai kasuwar Dawanau. Yaro ya murɗa makulli, ba mu ji kome ba sai ƙas. Aka aro batir, haka. Aka tara samari suka tura, ya saki kuloci, sai ƙafafun baya suka cije suna jan ƙasa. Nan take 'yan kallo suka yanke hukunci, suka ce inji ya buga, yaro ya cinye kuɗin baƙin mai ya yi ta gudu da mota a bushe. Zuciya ta ɗebe ni, na kira shi ɓarawo a gaban mutane. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi, Baffa, na zuba." Ban saurare shi ba. Daren nan bai ci tuwo ba, har ya fara ɗaure kayansa.

Kashegari na aika Janguza aka ɗauko wani dattijon bakanike. Na tare shi da bayani, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka dakata. Mota tana da shaidunta, bari mu kira su ɗaya ɗaya."

Da farko ya fitar da giya, ya kwance bel ɗin fanka, ya jujjuya famfon ruwa da abin cajin batir da hannu, duka suna juyawa lafiya. Sa'an nan ya cire sitata, don ya ce wani lokaci haƙorinta ya kan maƙale, mutum ya zaci inji ne ya mutu. Bayan wannan ya ɗora sifana a kan babban noti na gaban inji, ya danna a hankali, gaba da baya. Ko motsi. Ya ce, "To, yanzu mun tabbata injin ne da kansa ya kame. Saura mu san dalili."

Ya zauna bisa dutse ya lissafa mini. Ya ce abu huɗu ne su ka fi kame inji. Na ɗaya rashin baƙin mai, watau ƙarfe ya goga ƙarfe har metal ya narke ya manne da karanshaf. Na biyu zafi, in lagireto ya ƙafe, fistin ya kumbura ya cije cikin silinda. Na uku ruwa ya cika silinda, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai fistin ya rasa hanya. Na huɗu tsatsa, kadan mota ta daɗe a ajiye cikin laima. Biyun farko suna kama mota tana cikin tafiya, na ƙarshen kuwa yana kama ta tana barci. Sai ya juya ga yaro ya ce, "Ɗana, da ƙafarta ta zo nan, ko jawo ta aka yi?" Yaro ya ce da ƙafarta ta zo, shi ya kashe ta da hannunsa. Gabana ya faɗi, gama na sani haka aka yi, ina tsaye.

Ya zaro sandar awon mai, ga mai har ya ɗan wuce alama. Ya kwance notin ƙasa ya tara tasa, sai ruwa kaɗan ya fara zubowa, kāna mai ya biyo, domin ruwa ya fi mai nauyi. Ya kai tasar rana yana murza man da yatsa, yana neman ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli. Babu ko ƙwaya. Daga nan ya kwance fulogi huɗu ya jera su bisa tsumma. Uku baƙaƙe ne kamar yadda aka saba, na huɗun kuwa ja wur da tsatsa. Ya haska tocila cikin ramin, ya kira ni na leƙa. Na ga jan ruwa kwance a kan fistin.

Ya ce, "Malam, wannan ruwan sama ne. Ina tukunyar tace iska ta ke?" Yaro ya ce ya cire ta don ya wanke, kuma da ya ke murfin gaban motar ya huje, ya lulluɓe ta da tamfol. Dattijo ya ce, "Ina tamfol ɗin?" Kowa ya yi shiru. Ni ne na yaye shi tun farkon damina na rufe buhunan takin zamani, ban gaya wa kowa ba. Ruwa ya yi wata huɗu yana ɗiga cikin bakin kafireto, ya gangara ya sami bawul guda a buɗe, ya shiga silinda, tsatsa ta ɗaure ringi. Lalle laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Maganin bai zama mai wuya ba, sai dai haƙuri. Ya tsotse ruwan, ya zuba man gas da kananzir ta ramukan fulogi, ya ce kowace safiya yaro ya taɓa sifana kaɗan gaba, kaɗan baya. Ya gargaɗe mu kada a sake turawa ko a ja ta da wata mota, don ƙarfi ya kan karya ringi ko ya lanƙwasa hannun fistin, ƙaramar hasara ta zama babba. Ran kwana shida sifana ta motsa kamar faɗin yatsa. Ran na takwas inji ya zagaya sarai. Aka sake mai, aka tayar, ta tashi tana hayaƙi. Daga baya muka sayo sabon ringi a Kofar Ruwa, hayaƙin ya ɗauke.

Gyaran da ya fi mini wuya shi ne na tsakanina da yaron. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Da ya ke a gaban mutane na ɓata shi, a gaban mutanen nan na tsaya bayan sallar Magariba, na faɗi yadda aka yi, na roƙe shi gafara. Ya ce, "Ba kome, Baffa." Amma ya yi makonni kafin ya koma cin abinci kwano ɗaya da ni.

To, ya kai mai karatu, kadan injinka ya kame, kada ka fara da ƙarfi, kada kuma ka fara da zargi. Ka tambaya, tana tafiya ta tsaya, ko tana ajiye? Ka duba mai, ka duba fulogi, ka sa sifana a hankali. Tamfol ɗin nan yana nan a kanta har yau, na sa an ɗaure shi da igiya ta kusurwa huɗu. Allah ya tsare mu da yanke hukunci cikin fushi, amin.