Cefanen ɗalibin jami'a: kada abin da aka tsima a kasuwa ya ƙare a kemis

Idan kuna da ɗa ko 'ya a jami'a, kun san saƙon da ke shigowa waya tun wata bai yi nisa ba: kuɗin abinci sun ƙare. Ku saƙon kuke gani, mu masu harhaɗa magunguna kuwa ɗaliban muke gani. Suna zuwa neman maganin olsa, ko na ƙarin jini, ko na ciwon kai. Idan na tambayi abin da suka ci tun safe, amsar ba ta wuce Indomie, ko biredi da lemon kwalba, ko garin kwaki da sukari.

Ba yunwa ce ke haifar da olsa ba, duk da haka jama'a suka ɗauka. Manyan dalilanta biyu ne: ƙwayar cutar Helicobacter pylori, da yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac. Amma ku duba yadda abin ke tafiya. Yaro ya wuni bai ci abin kirki ba, kansa ya ɗauki ciwo, ga jarrabawa gobe, sai ya haɗiyi diclofenac ciki babu komai. Ya maimaita haka mako biyu. Kuɗin da ya ƙi kashewa a kan wake, ga su nan ya kawo mana.

Na san tsadar da ake ciki tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. Ɗalibin da ya samu bashin karatu na NELFUND ma, naira 20,000 ne kuɗin hidimarsa a wata, kuma ba abinci kaɗai za su yi masa ba. Shi ya sa nake ganin a fara da abin da ke riƙe ciki kuma yake ajiyuwa: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi, manja, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, da garin tuwo. Shinkafa ta biyo baya. Wake shi ne naman ɗalibi. Yana gina jiki, yana da sinadarin ƙarfen da jini ke buƙata, kuma wanda ya ci shi da safe ba zai nemi cincin da ƙarfe sha ɗaya ba. Masu cewa yana cinye gas su jiƙa shi tun dare, lokacin dahuwa zai ragu sosai.

Shagon cikin makaranta na ƙaramar buƙata ne, ba na cefanen wata ba. Ɗan Jami'ar Ibadan yana da kasuwar Bodija kusa da shi, na Legas yana da Oyingbo da Mile 12, inda yawancin masu hatsi da kayan miya mutanenmu ne. Mutum huɗu su haɗa kuɗi su sayi bokitin fenti na wake su raba, ya fi kowa ya riƙa sayen derika ɗaya-ɗaya. Tumatir da tattasai kuwa kada a jibga, tunda babu firij. A sayi na kwana biyu, ko a koma busassu.

Inda na fi so ku tsaya ku saurare ni shi ne ajiya, domin a nan araha ke zama cuta. Kudu ba Arewa ba ce, danshi ya yi yawa. Gyaɗa ko masarar da za ta yi watanni lafiya a Katsina tana iya yin fumfuna a ɗakin kwanan ɗalibai a Fatakwal cikin ɗan lokaci. Wata fumfunar tana fitar da gubar afulatoksin, mai lalata hanta, kuma haɗarinta ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Dahuwa ba ta kawar da ita, suya ma haka. Don haka gyaɗar da ta yamutse, ko ta canza launi, ko take ɗaci, zubarwa ake yi. Idan kuka ga an karyar da farashinta fiye da kima, ku tambayi kanku dalili.

Sai ƙwarin wake. Don Allah, iyaye, kada a zuba Sniper a waken da za a tura wa yaro. Maganin feshin gona ne, sinadarinsa dichlorvos, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna. A shanya waken ya bushe ƙarau, a cika jarka mai tsabta da shi har baki, a rufe ruf. Idan iska ba ta shiga, ƙwarin mutuwa suke yi da kansu.

Ban ce a daina cin Indomie ba, ni ma na ci rabona a makaranta. Abin lura shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kuma ƙunshin ɗanɗanon da ke cikin leda yana cin kaso mai yawa daga ciki. A zuba rabinsa, a fasa ƙwai, a yanka albasa da kabeji ko alayyafo.

Ga masu 'ya'ya mata kuma, jinin al'ada yana rage ƙarfen jiki kowane wata, shi ya sa jiri da kasala suka fi kama su. Shayi yana hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin wake da ganye, lemon zaƙi ko gwaiba kuwa suna taimaka masa. Ta ci wakenta da lemo ɗaya, shayin ya jira bayan awa ɗaya ko biyu. Idan jirin ya ƙi tafiya, ta je asibitin makaranta a auna jininta kafin ta sayi kowace kwalbar ƙarin jini.