Bindigar da aka naɗe cikin tabarma

Daga Jiratawa zuwa Tibiri babu nisa. Jiratawa tana kudu da Maraɗi, Tibiri tana kan hanyar Yamai, kuma kowace ba ta kai kilomita 20 daga birni ba. Amma wanda zai aika saƙo daga wannan gari zuwa wancan, tilas saƙonsa ya sauka Maraɗi ya sake mota. Hannu biyu ke nan, wani lokaci uku. Wurin sake hannun nan ne kayan mutane suke lalacewa.

Wani dattijo maharbi na Jiratawa ya ga haka da idonsa. Yana da bindigar toka wadda ya gada wurin ubansa. Da ita yake korar tsuntsaye daga gona, da ita kuma yake fita ranar salla cikin ƴan bindiga. Sai kunamarta ta lalace. Maƙerin da ya san ta tun tana hannun uban, a Tibiri yake. Ba abin mamaki ba ne, don Tibiri garin yaƙi ne tun asali. Gobirawa suka kafa shi wajen shekarar 1836, bayan yaƙin Gawakuke, zamanin Sarki Mayaƙi, kamar yadda Katsinawan Ɗan Kasawa suka zauna Maraɗi. Inda ake yaƙi kuwa maƙera ba su rasa aiki.

Mutane suka ce masa: "Baba, zuwa da kai ya fi saƙo." Ya ce lokacin ban ruwa ne, ba ya iya barin lambu. Gaskiya ne, amma akwai wani dalili da bai faɗa ba. Bindigar ba ta da takarda. Riƙe bindiga sai da iznin hukuma, kuma dokar farauta ta 1998 ta ce maharbi ma sai da takarda. Tun wajen 2019, da ɓarayin daji suka matsa wa garuruwan bakin iyaka cikin ƙasar Madarunfa da ta Gidan Runji, jandarma ba su wasa da wanda suka gani da makami a kan hanya. Tsoho ya ji tsoro. Sai ya naɗe bindigar cikin tabarma, ya ɗaure da igiya, ya miƙa wa wani direba. Direba ya ce: "Baba, mene ne ciki?" Ya ce: "Ƙarafa ne, na maƙeri."

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Maraɗi, mota ta cika har bisa. Da aka iso tasha, yaron mota ya hau ya riƙa jefo kaya ƙasa. Ƙarafa aka ce masa, ƙarfe kuwa ba ya kuka. Tabarma ta yini a rana. Da la'asar wani direban ya ɗauke ta, ya shimfiɗa ta ƙasan mota, aka jibga buhunan hatsi a kanta, mutane suka hau bisa buhuna.

Da maƙeri ya kwance igiya, sai ya riƙe baki. Icen gindin ya tsage tun daga wuya, ƙarfen kuma ya lanƙwashe kaɗan wajen tsakiya, ya loɓa. Ya aika aka gaya wa mai ita.

Washegari tsoho ya zo Maraɗi tare da ɗansa. Ya sami direban farko, ya ce: "Yaro, haka ake yi da amana?" Direba ya rantse lafiya lau ya sauke ta. Suka je wurin na biyu, shi ma ya rantse yadda aka ba shi haka ya kai, bai ko buɗe ba. Yaron motar kuwa an ce ya tafi Ɗan Isa. Kowa ya wanke hannunsa. Aka ɗunguma zuwa wurin sarkin tasha. Ya saurara, sa'an nan ya yi tambaya uku. Wa ya ga bindigar lafiya lokacin da aka ba da ita? Babu. Ina takardar da aka rubuta? Babu. Me aka ce wa direba yana cikin tabarmar? Tsoho ya sunkuyar da kai.

Direban farko ya samu ƙofa, ya ɗaga murya: "Baba, ashe makami ka ba ni ban sani ba! Da jandarma sun kwance ta, wa zai kwana gidan kaso, ni ko kai?" Nan maganar ta juye. Wanda aka ɓata wa kaya ya koma shi ne mai ba da haƙuri. Ƙara kuwa ba ta kaiwa gaba, don wanda bai da takardar bindiga ba ya zuwa gaban hukuma ya ce an karya masa bindiga.

Wannan bai wanke direbobin ba. Ko da garma ce a cikin tabarmar, ba a jefo kayan mutum daga bisan mota, ba a kuma danne shi da buhuna. Sun karɓi kuɗin ɗauka, amanar tana wuyansu. Sakacin nan ya zama musu jiki. Yau bindiga ce, jiya keken ɗinki ne, shekaranjiya injin ban ruwa, kuma kullum amsar ɗaya ce: "Haka aka ba ni." Abin da ya sa suke samun wannan amsa a sauƙaƙe, babu abin da aka rubuta.

A gidan waya ba haka ake aiki ba. Akwai ƙa'ida ta duniya duka, ta ƙungiyar gidajen waya da aka kafa a 1874, wadda Nijar ta shiga a 1961. Ana tambayar abin da ke cikin ƙunshi, a auna shi, a rubuta sunan mai aikawa da na mai karɓa, a ba ka takarda mai lamba. Da wannan lambar ake bin sawun kaya in sun ɓata. In ƙunshi ya iso a yage ko a murƙushe, mai karɓa ya buɗe shi nan gaban ma'aikaci, a rubuta abin da aka gani kafin ya sa hannu. Wanda ya sa hannu ya tafi gida, sa'an nan ya komo da kuka, wuya gare shi. Albarushi kuwa, da duk abin da ke fashewa ko kama wuta, gidan waya ba ya karɓa ko kaɗan. Ƴan tasha ma suna iya yin irin wannan. Takarda rabin shafi ta isa: ga kaya kaza, lafiya lau, an ba wane ranar kaza, ga lambar mota, ga shaida. Wanda ya yi wata shida a makarantar yaƙi da jahilci yana iya rubuta ta. Mai salula ya ƙara da hoto.

Sarkin tasha ya raba gardama, ya ce direbobin biyu su haɗa kuɗin sabon ice, don girman furfura. Na ƙarfe kuwa bai sa musu ba. Suka biya suna gunaguni.

Saura aikin maƙeri. Tsoho ya je Tibiri da ƙafarsa a wannan karo, ya roƙe shi ya miƙe ƙarfen a wuta. Maƙeri ya ƙi. Ya ce ice abu ne mai sauƙi, kwana biyu an sassaƙa wani. Amma ƙarfen da ya loɓa, ko an miƙe shi har ido bai ga komai ba, wurin ya riga ya yi rauni. In albarushi ya kama, ƙarfinsa yana neman hanyar fita ne. In darma ta ɗan tsaya a wurin loɓar, sai ƙarfin ya fita ta inda ƙarfe ya fi rauni, kuma daidai nan hannun hagu yake riƙe. Balle irin waɗannan bindigogi, da yawansu da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota aka yi su. Ya ce: "Yaya, na fi son ka yi fushi da ni da yatsunka biyar."

Tsoho ya yi shiru, ya daɗe yana juya ƙarfen a hannunsa. Ya tambaya ko a sa mata sabon ƙarfe. Maƙeri ya ce ana iyawa, amma ya fara zuwa neman izni tukuna, don shi ma yanzu ana sa masa ido. Ɗan ya ce shi zai rubuta takardar neman. Aka sa wa tsohon ƙarfen sabon ice, aka toshe bakinsa da darma don kada wani yaro ya ɗura shi. Ranar salla dattijon ya fita da ita a kafaɗa cikin ƴan bindiga, bai harba ba.