Wanda ya shiga gidan yari, gida zai dawo

Jama'a, akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Ina Kwanar Dangora ina jiran mota, sai wata dattijuwa ta ja ni gefe, ta miƙo mini ƙullin leda. Ta ce, "Ɗan nan, tunda kai ma'aikaci ne, ka san yadda za a kai wa yarona wannan?" Na duba, ashe maganin ƙanjamau ne. Ɗanta yana tsare yana jiran shari'a, sati uku ke nan rabonsa da magani. Tsoron gori ya hana shi faɗa wa kowa a ciki.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Maganin nan kullum ake shan sa. In aka tsaya, ƙwayar cutar ta sake yaɗuwa a jini, tana iya daina jin maganin, ga tarin fuka yana jira a ɗaki mai cunkoso. In kuwa ana sha yadda ya kamata har ƙwayar ta kwanta, mutum ba ya shafa wa matarsa.

Binciken da hukumar NACA ta yi tare da UNODC a 2018 ya nuna kashi 2.8 cikin 100 na fursunonin Najeriya na ɗauke da cutar, ninki biyu na kashi 1.4 da ake da shi a waje. Ƙa'idojin Mandela na 2015 sun ce ɗaurarre yana da haƙƙin kulawar lafiya daidai da na waje, kuma kada maganinsa ya yanke. A 2019 mun sauya suna zuwa gidan gyaran hali. To, gyara ba lafiya?

A Kano, tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin aure, kuma mun yaba. Amma wanda zai fito daga Kurmawa ko Goron Dutse fa? Shi matarsa tana gida tana jiran sa, ba wanda zai nemi takarda.

Roƙona ga KSACA da hukumar gidajen gyaran hali: a riƙa yi wa kowa tayin gwaji ranar shiga, da yardarsa, cikin sirri. Mai shan magani kada ya yi fashin ko kwana ɗaya. Ranar sallama a haɗa shi da asibitin garinsu.

Ledar dai na kai ta hannun ma'aikacin lafiyar gidan, ya karɓa cikin mutunci. Amma wanda ba shi da uwa mai ƙarfin hali irin wannan fa?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na tsare.