Maginan Wusasa

Mu da muka tashi a Tudun Wada, Wusasa kusa take da mu, amma kamar wata ƙasa muke ɗaukarta. Can 'yan mishan na CMS suka koma daga birnin Zariya, aka gina majami'ar St. Bartholomew a 1929, ba da dutse irin na Ingila ba, da tubali da azara da bakan gizo, sai ka ce soron sarki. Da Hausa ake sujada cikinta ran Lahadi.

Likita Miller dai ya yi suna, saboda fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932. To, maginan da suka kwaɓa ƙasar fa? Labarinsu na bakin tsofaffi, tsofaffin suna ƙarewa, siminti kuma yana korar sana'ar.